Ranar da Gero Ya Tsira a Mangaza

Duk faɗin Kurfai ba a taɓa yin mai ƙaunar manoma irin Ibrah ba. Shi ma ya shaida hakan, sau da yawa, da bakinsa.

Shekarar korona ce ta fito da shi. An rufe hanyar Yamai, kasuwa ta mutu, gari ya yi shirun da har yau ba a son tunawa. Mutane suka cinye geron da suka ajiye don shuka. Da tallafin gwamnati ya iso Filinge, buhunan iri da ɗan kuɗin ƙwadago, aka kafa komite, Ibrah ya wayi gari shugaba. Tun ranar, wanda bai ce masa Mushe Perzidan ba, wato mai girma shugaba da Faransanci, bai yi sallama ba. A bayan ido kuwa Mita-Guda ake ce masa, saboda sandar da yake auna tazara tsakaninsa da talakawa. Takunkuminsa a haɓa yake zama, don kada cuta ta hana jama'a ganin murmushinsa.

Ya kulle irin a mangaza, ɗakin ajiyar kaya, ya rataya makulli a wuya. Rabo, in ji shi, sai an yi biki, sai babban baƙo ya zo daga Yamai an ɗauki hoto.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Tsoho Hamani, wanda rumbunsa ba ko ƙwaya, ya zo ya tsaya a bakin sanda.

"Ibrah ɗana, ka ba mu irin nan. Ruwa ba ya jiran baƙo. In munka rasa shukar fari, mi za mu ci bana?"

"Baba, ja baya kaɗan. Ni nan noma na zamani nika kawo muku. Noma ba gaggawa ba ne, tsari ne!"

Da aka buɗe hanya, baƙo ya sa rana. Ibrah ya duba dandalin biki ya ga babu inuwar da ta dace da mutum irinsa. Rufin mangaza ya daɗe da hujewa, tampol ne ya rufa masa asiri. Mushe Perzidan ya sa aka yaye tampol ɗin, aka yi masa rumfa mai kyan gaske.

Baƙo bai zo ba. Ruwa ya zo. Ibrah yana tsakiyar "Ya ku manoma, ƙashin bayan ƙasa," sama ta ɓalle. Kafin ƙasa ta tsane gari ya watse gonaki, kowa da sungumi a kafaɗa. Hamani ya shuka ɗan abin da 'yarsa Basiratu ta roƙo masa wajen dangin mijinta a garin Damana, rabin gona ya bari fayau. Ibrah kuwa ya ƙarasa jawabinsa tsaf, kujeru suna saurare, ya koma jiran sabuwar rana.

Da baƙon ya iso daga baya, aka buɗe mangaza a gaban mai hoto. Buhuna sun kumbura sun fashe, tsiro kore shar har bakin ƙofa.

Ibrah ya gyara hula. "Ranka shi daɗe, ka ga ingancin irinmu."

Hamani ya leƙa daga tazarar mita guda.

"Madalla, Mushe Perzidan. Gonarka ta riga ta kowa tashi. Yaushe za mu zo maka noman fari?"

Wannan karon dai Ibrah ya ja takunkumi ya rufe har hanci.