Kayan Malam Hashimu a Gonar Nomau

Duk wanda ya san Malam Hashimu mai guga ya san mutum ne da ƙazanta ke tayar wa hankali fiye da yunwa. Rabin rayuwarsa a Kano ya yi ta, yana wankin hula da gugar manyan riguna, har ta kai ko a tabarma zai zauna sai ya hure wurin tukuna. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya tattaro ya dawo ƙauyensu, Tsamiyar Goje, ya karɓi gonar gado. To, gona dai ta samu magaji, amma da idon mai guga ya dube ta.

Ranar da ya fara taka ta, riƙe baki ya yi. Ga kara a zube, ga busassun ganye, ga kashin shanu ko'ina, domin tsohon duk bayan girbi yakan roƙi Fulani su sauka masa da garke.

"Innalillahi! Ashe a juji Baba ya yi ta noma?" in ji shi.

Nan take ya yanke hukunci. Fulani su nemi wani wurin. Shi takin buhu zai riƙa sawa, fari tas, wanda ba ya wari. Ya aika gida aka kawo masa tsintsiyar kwakwa, ya naɗe hannun riga ya duƙufa shara.

Yana cikin haka maƙwabcinsa na gona, Nomau, ya tsaya a kan iyaka, da fartanya a kafaɗa. Nomau irin mutanen nan ne masu magana a sanyaye, sai ka kai gida ka gane an yi maka shaguɓe.

"Sannu da aiki, Malam Hashimu. In ka gama share ta, guga za ka yi mata?"

Wallahi maganar nan ta soki Malam Hashimu. Ya ƙulla abin a ransa. Tun daga ranar, duk abin da ya sharo, ganye ne, kara ne, kashin tumakin da suka ratsa ne, sai ya kwashe ya tsallaka iyaka ya juye wa Nomau. Da ya ga abin bai ishe shi ba, sai ya haɗa da na gida. Ya kankare turken awakinsa, ya kwashe tokar murhun matarsa Saude, ya tara ɓawon gyaɗa, ya labta wa jaki, ya kai har tsakiyar gonar Nomau ya zazzage. Yana dawowa yana jin daɗi a ransa, wai ya koya wa mai baki hankali.

Shi kuwa Nomau ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. In sun haɗu sai ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam." Malam Hashimu ya ɗauka wannan maganar wanda aka fi ƙarfi ce.

Daminar farko gona ta yi kyau, ta biyu ma ba laifi. Daga nan fa ƙasa ta fara fari, ta koma rairayi. In an watsa takin buhu, ruwa ɗaya ya wanke shi. Ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya mamaye kunyoyi, gero ya fito siriri kamar tsinken tsintsiyar da ake share shi da ita. Ga can kuwa, taku kaɗan daga iyaka, geron Nomau ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi, zangarniya kamar damtsen ƙato. Bana da aka yi girbi, abin da Malam Hashimu ya zuba a rumbu ko tsakiyar rani ba zai kai su ba. Saude ta fara tsuke hannu wajen tuƙa tuwo, yara sun fara leƙen tukunya. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, ga yunwa na tafe, ga kunyar gari.

Sai ya je ya taho da malamin gona, wani saurayi mai suna Bashari. Bashari ya tsuguna, ya damƙi ƙasar, ya sake ta ta zube shar.

"Baba, gonar nan yunwa take ji," ya ce. "Kullum kana ɗiba, ba ka mayarwa. Ganye da kara in sun zube, gara da tana su ci, su ruɓe su zama ƙasa. Hatsi ya tsotsa ya girma, rana ta ba shi ƙarfi. Dabba ta ci kara, ta yi kashi, kashin ya koma ƙasa. Rana ce kaɗai ke zuwa sabuwa kullum, amma abincin ƙasa zagayawa yake yi. Ina kake kai sharar taka?"

Malam Hashimu ya nuna gonar Nomau da leɓe.

"To ai ga ta can a tsaye," in ji Bashari. "Ƙarfin gonarka ne ka gani a jikin geronsa."

Da wani ne ya ji wannan, da ya jefar da tsintsiya ya je ya ba Fulani haƙuri. Ina! Malam Hashimu abu ɗaya ya ji cikin duk bayanin, wato kayansa na hannun Nomau. Washegari ya sa farar rigarsa mai kari kamar wuƙa, ya kai ƙara gaban Dagaci. Aka kira Nomau, jama'a suka cika zaure, don kowa ya ji an ce mai guga ya kawo ƙarar kashin awaki.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Hashimu, "rabin geron da ke rumbun mutumin nan nawa ne. Da takina ya noma shi. Malamin gona ma shaida ne."

Dagaci ya gyara zama. "Sata ya yi maka?"

"A'a."

"Roƙonka ya yi?"

"Bai roƙa ba."

"To wa ya kai masa?"

"Ni na kai, ranka ya daɗe, amma ai ba da niyyar alheri na kai ba!"

Zaure ya ɗauki dariya. Dagaci ya ɗaga hannu, shi ma yana cizon leɓe. "To, awakin naka da suka yi takin, me suke ci da rani in an saki dabbobi? Tunda gonarka ko tsinke babu."

Wani daga cikin jama'a ya amsa wa Dagaci: "A gonar Nomau suke wuni, suna cin ragowar harawa da 'ya'yan gawonsa!"

"Ka ji," in ji Dagaci. "Daga gonarsa zuwa cikin awakinka, daga cikin awakinka zuwa bayan jakinka, daga nan zuwa gonarsa. Ni ban ga inda zan yanka in ce nan naka ya fara ba."

Amma Malam Hashimu ya kafe. Ya ce toka fa? Ɓawon gyaɗa fa? Guminsa da na jakinsa fa? Shi bai san zagaye-zagaye ba. Malamin gona da bakinsa ya ce abin da aka ɗiba a gona dole a mayar mata, saboda haka a mayar masa da kayansa, yau ba gobe ba.

Dagaci ya juya. "Nomau, ka ji. Me ka ce?"

Nomau ya russuna, fuskarsa ba ko alamar murmushi.

"Ranka ya daɗe, gaskiyarsa ce, ni ba na cin haƙƙin maƙwabci. Taki ya kawo mini, taki zan mayar masa. Ya dai yi haƙuri mu ci geron tukuna. Kullum da sassafe, ni da iyalina kaf, za mu riƙa zuwa gonarsa da butocinmu muna ajiye masa."