Randar Marigayiya da Gilashin Ladi

Da bikin Uhola, bikinmu na girbi, 'yata Ladi ta zo daga Kaduna da sababbin kayan wasa. Ta fara nuna mini waya: ga tsakar gidana yadda yake, ga kurar ƙarya gefen rumbu. Na yi dariya.

Sai ta ɗauko wani gilashi kamar na masu walda. "Baba, waya hoto kawai take ɗorawa kan gidanka. Akwai wani irin da kurar za ta iya ɓuya bayan rumbun. Wannan kuwa, gidan ne zai ɓace ɗungurungum. Ka zauna tukuna."

Na ce, "Tsohon soja? A tsaye zan kalla."

Ina sakawa, sai ga ni a bakin rami marar ƙarshe. Na yi tsalle da baya, na faɗa kan randar da marigayiya uwar Ladi ta gina da hannunta. Ita kaɗai ta rage mini cikin kayanta.

Ladi ta tsince ɓaraguzan. Yanzu ruwan jarka nake sha, ɗumi-ɗumi. Maƙwabcina Audu kuwa, kullum sai ya ƙame ya sara mini: "Saja, ya fagen daga? Randa nawa ta faɗi yau?"