Rasuwar Masara2016, Kalmar Sirrin Ofishinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da suka rasa abin dannawa, ni Ramla Abdulganiyu, akawu a reshen Tudun Wada na kamfaninmu mai sayar da iri da kayan noma, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kalmar sirrin ofishinmu, wadda kowa ya sani da Masara2016. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a hannun wani ma'aikaci da hedkwata ta turo daga Kano, bayan doguwar jinya da mu da kanmu muka ja mata. Na rubuta sunanta ɓaro-ɓaro ba tare da fargaba ba, domin yau ko a lasifika aka yi shelarta ba za ta buɗe komai ba.

An haife ta ne shekarar da aka kawo mana kwamfuta ta farko. Manajanmu na lokacin ya zauna a gabanta, ta nemi ya ba ta kalmar sirri, ya leƙa taga ya hango buhunan masara, shi ke nan ya raɗa mata suna. Ba a yanka rago ba. Tun daga ranar ita ce mabuɗin komai namu: sunayen manoma, lambobin wayarsu, irin da ya shigo sito da wanda ya fita.

Marigayiya mai sauƙin kai ce. Ba ta taɓa tambayar mutum shi wane ne ba, ko ɗan gidan wa ne, ko wace makaranta ya yi. Mai yatsu goma da mai neman harafi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba, duk ɗaya suke a wurinta. Har yanzu muryarta tana kunnena: ƙas-ƙas-ƙas, ƙas, sannan ta ce "tilin!" allo ya buɗe. Idan ka yi kuskure ba ta fushi, "ɗit" kawai za ta ce, ta jira ka sake.

Muna da al'ada a kanta. Duk sabon ma'aikaci, ranarsa ta farko, sai a ba shi kujera, a ba shi goro, manaja ya sunkuya ya raɗa masa ita a kunne. Wanda aka raɗa wa ya zama ɗan gida. Da tafiya ta yi nisa, raɗar ta koma magana, maganar ta koma kira ta taga.

Amma babban alherin marigayiya shi ne rufin asiri, kuma a nan ne alƙalamina yake yi mini nauyi. A ofishinmu akwai Baba Lado, wanda ya riga kowa fara aiki, tun ana rubuta sunayen manoma da hannu. Aikinsa shigar da su a kwamfuta. Shekarun baya ciwon ido ya kama shi, likita a Kano ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, sai dai a lallaɓa. Ganinsa ya dinga raguwa har ya zama mutum yake gani kamar inuwa, rubutu kuwa sai ya kai shi bakin hanci. Bai taɓa faɗa mana ba, mu ma ba mu taɓa tambayarsa ba. Kawai dai muka mayar da kujerarsa bakin ƙofa, ya dinga tarbar manoma yana tambayar su gida da gona, yana faɗo sunayensu da ƙarfi, mu kuma muna shigarwa. Kwamfuta ba ta san yatsun wa suka danna ba. A idon Kano aikin reshe yana tafiya, Baba Lado kuma yana kan aikinsa, yana ciyar da gidansa da marayun ɗansa. Ina faɗar wannan yau ne don babu sauran abin ɓoyewa.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga yawan masoya. Wakilinmu na Kiru, Ghali, ya taɓa mantawa da ita yana cikin ƙaramar bas a hanyar Yako. Ya kira ofis, waya tana yankewa, muka dinga jero masa ita harafi-harafi, shi kuma yana maimaitawa da iya ƙarfinsa, har wata tsohuwa a kujerar baya ta gyara masa lambar ƙarshe. Wakilin Bebeji ya bar ta a wayarsa wurin mai caji. Na Doguwa ya ba ƙanensa don ya riƙe masa aiki ranar suna. Mai shayin bakin ofishinmu ma, idan ya ga sabon ma'aikaci yana sosa ƙeya, shi yake tuna masa. Duk muna gani tana ramewa, muna dariya.

Sai ga shi wata rana na'urar hedkwata ta gan ta ta shiga daga Tudun Wada, daga Yako, da kuma wata ƙasa da babu wanda ya iya faɗar sunanta a cikinmu, duk a lokaci guda. Ba a jima ba manoma suka fara zuwa suna cewa wasu sun kira su da sunan kamfani, sun san sunansu da garinsu da irin da suka karɓa, suna neman su yaudare su. Mutanen da suka ba mu amana ke nan. Wallahi ranar na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da bakin da zan ce Kano ta yi mana zalunci.

Wanda aka turo, Mujitaba, saurayi ne mai ladabi. Har ƙasa ya durƙusa ya gaida Baba Lado. Ya buɗe jakarsa, ya yi 'yan danne-danne, ya ce in gwada marigayiya. Na danna. Ta ce "ɗit." Na sake dannawa a hankali, kamar mai tashin mara lafiya. Ta ce "ɗit." Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Ta rasu ta bar ma'aikatan reshe, da wakilai uku, da mai shayi, da mai caji, da fasinjojin wata bas da ba mu san adadinsu ba. Ta bar magada kuma, domin yanzu kowa da tasa kalmar. Magadan nan ba su ɗauko halin uwarsu ba ko kaɗan. Kowace doguwa ce, da babban harafi da ƙarami, da lamba, da wata alama mai kama da ƙugiya. Idan ka danna ta ma ba ta yarda da kai, sai ta aiko da wata lamba a wayarka, wadda take mutuwa kafin mutum ya gyara zama. Duk aikin da aka shigar, da sunan mai shi yake fita. Kuma doka ta zo a rubuce: wanda ya ba wani kalmarsa, da mai bayarwa da mai karɓa, duk a bakin aikinsu.

Aka zo kan Baba Lado. Mujitaba ya ja masa kujera gaban kwamfuta, ya kama hannunsa ya taimaka masa ya kafa tasa, yana kau da kai. Lamba ta shigo wayarsa. Baba ya kai wayar bakin hancinsa, ya karkata ta wajen haske, ya karanto biyu, ta mutu. Aka sake aiko wata, ita ma ta mutu. Mujitaba ya dubi Baba, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya sunkuyar da kai. Amma aikinsa ne ya kai rahoto, kuma ya kai.

Jiya bayan la'asar, kowa ya fita, Baba ya lalubo teburina ya sunkuya daidai kunnena, yadda manaja yake yi wa sabon ma'aikaci.

"Ramla, 'yata," ya ce, "bari in faɗa miki tawa, ki dinga shigar mini kamar da."

Ina da yara uku, mahaifinsu ba ya da lafiya. Na sa hannu biyu na toshe kunnuwana.

"Baba, don Allah kada ka faɗa mini."

Sannan ya miƙe ya ce, "To, 'yata. Kin yi daidai. Allah Ya yi miki albarka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na kwana ina neman wata dabara, ban samu ba.

Game da jana'iza, babu wanka babu likkafani, domin marigayiya ba ta bar gawa ba. Liman ya ce ba a nema wa kalma gafara, don haka masu addu'a su yi wa waɗanda ta bari. Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Alhamis bayan azahar, a barandar ofis. Mutanen Bebeji, Kiru da Doguwa kada su wahalar da kansu da kawo komai, mai shayi ya ce shayin ranar nasa ne. Ana roƙon kada kowa ya tambayi ɗan uwansa sabuwar kalmarsa, ko da wasa.

Baba Lado ne zai karɓi gaisuwa a madadin iyalai, shi ne babba a cikinmu. Za ku same shi a kujerarsa ta bakin ƙofa. Ku faɗi sunanku kafin ku miƙa masa hannu. Wanda yake son ganinsa a kan kujerar nan ya daure ya zo ranar Alhamis ɗin, domin Kano ta ce ya je ranar Litinin mai zuwa, kuma tun yau da safe ya ɗauke butarsa da dardumarsa ya kai gida.