Ranar da Na Ɗaga Ƙarfen Direban Maradi

A Magama, bayan garejin makanikai ake ɗaga ƙarfe, da tsofaffin kayan mota. Ranar farko da na je na ƙi tambayar kowa komai, kada a raina ni. Na hango wani dogon ƙarfe mai maiƙo a gefe, na tuɓe riga, na kwanta, na yi ta cira shi sama ina nishi kamar raƙumi.

Mutane suka taru. Na ɗauka ƙwanjina suke kallo, na ƙara ƙaimi.

Can wani direban Maradi ya tsuguna kusa da ni. "Malam, in ka ƙare, a ba makaniki ya ɗaura. Na motata ne, fasinja na jira."

Har yau da mota ta lalace, sai abokaina su nuna ni su ce, "A kira Jak mai ɗaga mota!"