Ranar da Na Yi wa Surukata Tafinta

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗiyata ta fari ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa. A lokacin ina koyar da Faransanci a Dogon Dutsi, kowa na ce mini Mushe, wato malam da harshen Faransanci, kaina ya kumbura har ina ganin babu tambayar da za a yi in rasa amsarta. (Matata Rabi takan ce ko haƙoran kaza aka tambaye ni, sai na faɗi adadinsu.)

Ranar ce surukata, Inna Tabawa, ta taso daga ƙauyensu a bayan Matankari kan kabu-kabu, wato moton haya mai ƙafa biyu, da ƙullin kayan jego. Moton ya zame a rairayi, ta faɗo, ta bugi kututture da gefen kanta na dama. Mai moton, wani magidanci da ake kira Ɗan Ladi, shi ya kai ta gidan likita ya kira ni. Ina isa, kafin ma in dubi tsohuwa, na rufe shi da faɗa. Yana ta cewa, "Mushe, tsaya in gaya maka abin da ya hwaru," ni kuwa ina nuna masa ƙofa. Ya ja motonsa ya tafi. Mutum ɗaya tak da ya ga faɗuwar, shi na fara kora.

Lokotoron, wato likitan da muka tarar, matashi ne Bazabarme, sabon zuwa, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Majo, wato babbar mai jinya da ke yi masa tafinta, tana can ɗakin haihuwa. Ya ce mu ɗan jira ta. Na gyara tsayuwa na ce ai ga ni, wane tafinta kuma ake nema bayan malamin Faransanci?

Ya yi mini bayani a tsanake. Na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sikana, sai an kai mutum Yamai, kuma ba duk wanda ya bugi kai ake ɗora wa wannan doguwar tafiya ba. Girman ƙulu ba shi ne magana ba. Wani kansa ya jiƙe da jini amma cikin lafiya lau, wani ko ƙwarzane babu alhali jini na tsiyaya a ciki. Abin da ke raba su, in ji shi, amsoshi ne. Ta suma? Ta yi amai, sau nawa? Ta tuna yadda ta faɗi? Ciwon kan na ƙaruwa? Shekarunta nawa?

Inna dai tun shigowata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana kallon bango. A wurinmu surukuwa ba ta ko shan ruwa gaban mijin ɗiyarta, balle ta ambaci amai. Na san haka sarai. Ni ma bakina ya yi nauyi in tambaye ta irin wannan abu. Sai na dunƙule tambayoyin lokotoro duka na ce, "Inna, jikin da sauƙi ko?"

"Lahiya lau. Ba komi, ba komi," ta ce da bango.

Wannan "ba komi" na ɗauka na yayyanka na rarraba wa lokotoro. Suma? A'a. Amai? Ko kaɗan. Ta tuna? Tsaf. Da aka zo kan shekaru na ce hamsin da 'yan kai, don in yi mata kara. (Rabi ce autarta, babban ɗanta ma furfura ta cika masa gemu. Amma wa zai tsofar da surukarsa a gabanta?) Ya haska mata tocila a ido, ya duba kunnuwa da hanci, ya sa ta matse masa yatsu. Duk daidai. Duk da haka ya so ta kwana a sa mata ido. Na ce gobe suna, ina za a yi suna kaka na kwance a likita? Na yi ta zuba Faransanci har ya gaji. Ya rubuta mini takarda: in ta yi amai, ko barci ya yi mata nauyi, ko maganarta ta rikice, a dawo da ita nan take. Na ninke na sa a aljihu, ban karanta wa kowa ba.

Washegari aka raɗa suna, aka yanka rago, ina ta karɓar barka cikin babbar riga. Sai ga Rabi ta aiko a kira ni. Inna, wadda zakara bai taɓa riga ta tashi ba, hantsi ya yi ba ta farka ba. Da aka tashe ta da ƙyar, sai tana kiran Rabi da sunan yayarta da ta rasu tuntuni. Hannunta na hagu kuma ya ƙi ɗaguwa.

Muka koma likita da rabin 'yan suna a bayanmu. Wannan karon majo na nan, Hajiya Mariya, dattijuwa 'yar Arewa da ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ɗan Ladi ma ya ji labari ya zo. Ita ta tambaye shi, shi kuwa ya faɗi abin da na hana shi faɗa: tsohuwa ta suma sai da ya yayyafa mata ruwa, ta yi amai sau biyu a hanya, kuma ta yi ta tambayarsa ina za su. Gwaggon Rabi ta ƙara da cewa Inna ta sake yin amai a gida bayan magariba, ta roƙe ta kada ta bari maigidan ya ji.

Lokotoro ya ɗauko takardar da ya rubuta amsoshina jiya ya karanto su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Mariya ta fassara wa jama'a, ba ta rage ko ɗaya ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Mushe, kana nan sadda tah hwaɗi?"

Na ce a'a.

"To wa yac ce maka ba ta suma ba? Da ka hita waje jiya ka bar ta da mace 'yar uwatta, da yanzu ta kwana Yamai."

Surukaina maza na tsaye, abokan aikina biyu na tsaye, ni kuma ga ni cikin shadda a tsakiyarsu. Lokotoro bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi da ya ji ko biyu daga cikin waɗannan amsoshi da tun jiya ya tura ta, kuma shi ma da laifinsa da bai jira majo ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A Yamai hoto ya nuna jini ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai, aka yi mata aiki, Allah ya yi da sauran kwana. Hannun ne bai dawo daidai ba. Na tambayi likitoci ko da an zo da wuri da ya tsira. Babu wanda ya ce eh, babu wanda ya ce a'a. Har aka yaye jikarta ba ta iya ɗaura goyo da kanta ba. Rabi ta yi watanni ba ta ce mini komai kan maganar ba, kuma shirun ya fi bulala. Ɗan Ladi na je har tasha na ba shi haƙuri.

Abin da ya fi cina shi ne Inna ba ta taɓa ganin laifina ba. Har yau in baƙi sun zo gaishe ta a ƙauye, takan gaya musu da alfahari cewa mijin ɗiyarta ne ya yi magana da lokotoro baki da baki, da harshen Nasara. Su yi ta sa mini albarka, ni ina sunkuye ina cewa amin.

Yanzu in aka tambaye ni abin da ban gani ba, ina cewa ban sani ba. Ashe ana faɗin haka kuma mutum bai mutu ba. Na dai koya a makare, kuma ba hannuna ne ya shanye ba.