Motar Babana da Rijiyar Sarkin Almakashi

Jama'a, ranar Talatar makon jiya motata ta ba ni kunya a hanyar Roni, dab da shiga Kazaure. Ina tafe ina shan iska sai bayanta ya fara kuka, wuu, wuu, can na ji ƙaƙas, ta tsaya cak. Inji na aiki, giya na shiga, tayoyi suka ce ba da su ba. Amalanken shanu ne ya ƙarasa da mu gari, shanun ma suna tafe suna waiwaye kamar sun san ni.

Kada ku raina ta. Fijo ce 504, fara, wadda mahaifina ya yi haya da ita tsakanin Kazaure da Babura tun ina goye. Ita kaɗai ya bar min, har gobe kujerarta na ƙanshin turarensa. Maƙwabcina Malam Musaddiƙ kullum sai ya ce in kai ta wajen 'yan gwangwan, ni kuma in ce masa da tsohuwar zuma ake magani. Da fetur ya fi ƙarfin talaka, sai na ajiye ta gidan Kawu Zubair a ƙauyenmu, can wajen Gwiwa, na bar makulli don a riƙa ɗumama ta. Ranar da na ɗauko ta ke nan ta yi min wannan aika-aika.

Silvanus, bakaniken da ke gyara ta tun zamanin babana, ya kwance aksul, wato tukunyar nan ta baya mai raba wa tayoyi biyu ƙarfi. Ya leƙa, ya tashi ya sha ruwa, ya dawo ya sake leƙawa.

“Malam Yakubu, ina ka kai motar nan?”

“Ko'ina ban kai ta ba. A ajiye take tun bara.”

“A ajiye? Agogon kilomitanta ya ce ta je Legas ta dawo, ta sake komawa. Tayoyinta kuma sun ce ko kasuwa ba su je ba. Dubi ƙananan haƙoran nan, sun cinye kamar na tsohuwar akuya. Wannan sai in ƙafa ɗaya ce ke gudu, ɗaya na zaune.”

Na ce ko aljanu ne. Ya ce shi dai aljanu ba su taɓa kawo masa aiki ba, amma ga shatar jak a gefe ɗaya, har ƙarfen ya lotsa. To, ruwa ba ya tsami banza. Washegari na hau ɗan acaɓa na nufi ƙauye, zuciyata na tafasa, na shirya wa Kawu maganganun da ba a gaya wa kawu.

Ban kai gida ba na tarar da amsa a bakin rijiyar burtsatse. Wannan rijiya kyauta ce daga Mai Girma Sarkin Almakashi, Garkuwan Masu Ƙishirwa, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi. Bawan Allah ne da ba ya iya ganin ƙyalle a ɗaure ya wuce bai yanka ba. Ranar buɗewa ruwa ya zuba, an yi guɗa, an ɗauki hoto. La'asar na yi yaransa suka kwance injin janareta, wai za a kai shi birni a buga masa lamba. Kan da ke ba da wuta kawai suka bari, shi ma don an kafe shi da siminti. Har yau ana buga lambar, da alama doguwa ce.

Gefen kan janaretan na ga jak, da duwatsun tare taya, da dogon bel. Mata na zaune a kan jarkoki, babu ko ɗigo, Kawu na tsaye a gefe.

“Kawu, me nake gani?”

“Abin da idonka ya gani, ɗan nan. Mukan ɗaga ƙafarta ɗaya, mu cire taya, mu ɗaura bel zuwa kan janaretan, mu sa mata giya. Gari ya yi karo-karon mai, ita kuma ta ba mu ruwa. Ai cewa ka yi a riƙa ɗumama ta.”

“Kun kashe min motar uba!”

“Ubanka da ruwan tafkin can ya girma, shi ya sa ya ƙare da ciwon ciki. Tun jiya da ka tafi da ita jikokina suka koma shansa.”

Wallahi takaici ya cika ni, kunya ta danne shi.

Kawu bai gama ba. Ashe Mai Girma na nan tafe ranar Asabar zai sake buɗe rijiyar, domin an gyara ta. Na duba gyaran, na gan shi da idona: an yi wa tanki fenti. Yaransa sun ce lallai ruwa ya zuba a gaban kyamara, in ba haka ba a san garin 'yan butulci ne, maganar inji kuma a manta.

Silvanus ya samo min aksul guda a hannun wani mutumin Nijar da ke shigowa Babura. Ya ce daga ita babu wata a duk faɗin yankin nan. In na bar ta a kan titi za ta kai ni tsufa, in ta koma bel ba za ta ga damina ba. Na zagaya motar, na zauna a kujerar babana, na yi ƙwalla, ba na ɓoye muku. Sannan na ce ya ɗaura, mu tafi ƙauye.

Ranar Asabar aka kewaye mu da zana, ni da motar. Ina ciki, ƙafata a kan totur, gumi na zuba, sabuwar aksul na ci wa kanta haƙora. A waje Mai Girma na bayyana wa duniya yadda ya hana idonsa barci don talaka ya sha ruwa. Ya yanka ƙyalle, na taka, ruwa ya ɓarke, gari ya ɗauki tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana watsewa wani mai babbar riga ya leƙo ta zana. Na gyara hula, na zaci godiya ce ta iso. Ya ƙare wa motar kallo, ya jinjina kai.

“Malam, ranar Alhamis tana da aiki? Akwai wata rijiyar da za mu buɗe a wajen Yankwashi.”

Don haka duk wanda aka yi wa garinsu alkawarin ruwa, kuma yana da tsohuwar mota a ƙofar gida, shawarata ita ce ya fara neman aksul tun kafin a kafa rumfa.