Wayar Rumasa'u a Cikin Kwalla

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Ba zan taɓa mantawa ba, ranar da na kai kaina gidan da ba a gayyace ni ba.

Jikata Rumasa'u tana jami'a, tana da saurayi ɗan ajinsu, Nura, ɗan Goron Dutse. Yaro mai natsuwa. Ita kuwa in ta tura masa saƙo bai amsa nan take ba, sai ta ƙi abinci, ta kira shi sau goma, ta ce wai ya daina sonta. Har ya ce mata ya fara gajiya.

Na zaunar da ita, na ce, "Ke Rumasa, kakanki yakan tafi fatauci wata huɗu, ko wasiƙa babu, hankalina kwance." (Allah ya yafe mini, kullum ina zaure ina leƙen hanya.)

Da jarrabawa ta zo sai ta miƙo mini wayarta. "Hajiya, ki ajiye mini kwana uku. In ya kira ki faɗa mini, amma kar ki ba ni ko na yi kuka."

Na sa ta cikin kwalla, na rufe. Ranar farko, shiru. Ta biyu, shiru. Yarinya ta daure tana karatunta. Ni ce na kasa cin tuwo, ina ɗaga murfi ina kasa kunne.

Rana ta uku na yafa mayafi, na hau adaidaita daga Zaitawa sai gidan su Nura. Kakar budurwa a gidan saurayi, tun ba su kawo gaisuwa ba! Na tarar da mahaifiyarsa da baƙi. Muka gaisa, na ce, "In ɗanku ya fasa ne, a faɗa mana."

Aka kira Nura, ya durƙusa. "Hajiya, wallahi tun shekaranjiya nake kira, a kashe take."

"A kashe? Ga ta nan, ko taɓa ta ban yi ba."

Ya karɓa, ya jujjuya. "Ai caji ne ya ƙare, Hajiya."

Ya jona ta a wuta. Saƙonni suka fara shigowa, ƙil, ƙil, ƙil, kowa na ji. Mahaifiyarsa ta sunkuyar da kai, tana danne dariya. Na nemi takalmina.

Da Rumasa'u ta ji abin da na yi, ta yini tana fushi da ni, amma ta ci jarrabawa, kuma yanzu takan bar waya a ɗaki ta fito tsakar gida. Nura ya turo iyayensa bayan sallah. Mahaifiyarsa ta aiko mini da caja cikin goron gaisuwa. Ni kuwa na daina ba kowa labarin haƙurin da na yi a zamanin fatauci.